Kwalba mai murfi ruwan ɗorawa da na daina zubawa a cafman ɗina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son yin rubutun nan hidimar biki ce ta hana ni zama, watan nan kusan duk Asabar sai an samu oda, to yau dai na ajiye komai na ce sai na faɗi abin da ke raina ko da kuwa zai yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Waɗanda suka san ni sun san sana'ata, ni mai haɗa abin sha ce na biki da suna da walima a nan Zariya, zoɓo, kunun aya, jinja, lemon tsamiya, sai kuma cafman wanda yanzu shi ne amare suka fi tambaya musamman in za a yi dina ko kamu. A Kaduna na koyi haɗa shi wajen wata mata da ta yi mana horo na kwana biyu, ta ba mu takarda an rubuta kayan haɗi, Fanta, Sprite, sirof ja da ake kira girenadin, kokwamba, lemon zaƙi, lemon tsami, ƙanƙara, sai na ƙarshe ta rubuta bitas, ta ce shi ne sirrin, in babu shi to lemo kawai kika haɗa ba cafman ba. Na dawo Zariya na shiga wani babban shago a wajen PZ na ce a ba ni bitas na cafman, aka miƙo min 'yar kwalba mai murfi ruwan ɗorawa an naɗe ta da wata farar takarda da ta yi wa kwalbar girma, cike da ƙananan rubutu kamar jarida. Angostura sunanta. Ban karanta ba wallahi. Waye yake tsayawa karanta rubutun jikin kwalbar kayan ƙamshi? Na ɗauke ta kamar filebo ɗin kek, na shekara uku ina zubawa.

Ranar da na gane, walimar saukar Alƙur'ani ce a cikin birni, can bayan Ƙofar Doka, 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya suka sauke. Hajiyar gidan ta ce tana son cafman kula biyu da zoɓo kula uku. Ina tsakar gida a gefen rijiya na jera kayana, na gama yanka kokwamba, na juye lemo a kula ta farko mai cin lita 20, na ɗauko kwalbar nan na tuttula kusan rabi ina juyawa da ludayi. Akwai wani ƙanen Hajiya, yaro ne mai natsuwa yana karatun harhaɗa magunguna a ABU Samaru, shi yake taya ni ɗauko ƙanƙara daga napep. Ya ajiye buhun ƙanƙarar ya ɗauki kwalbar yana jujjuyawa a hannu, ya daɗe yana kallo, sai ya matso kusa da ni ya rage murya don kada matan da ke gyaran kayan miya su ji, ya ce Anti don Allah kada ki ji haushi, kin san abin da ke cikin wannan? Na ce bitas ne mana. Ya sa yatsa a ƙasan takardar ya nuna min wasu lambobi, 44.7%, ya ce Anti wannan adadin barasar da ke ciki ne, ya fi na wiski.

Ludayin yana hannuna na kasa ajiyewa na kasa ci gaba da juyawa. Abin da ya fara zuwa raina ba ma kuɗin kayan ba ne, bukukuwan da na yi ne a shekara ukun nan, tsofaffi, masu ciki, yara ƙanana da suke zuwa da kofin roba suna cewa Anti ƙara min. Ga allunan yaran nan an jingine a bango an yi musu zayyana, ni kuma ga abin da nake shirin shayar da mutane. Na tashi na sami Hajiya a ɗaki na ce Hajiya ki gafarce ni akwai magana, na faɗa mata komai ban rage ba. Ta yi shiru, ta ce to 'yata ai ba da sani kika yi ba, amma wannan kular ba za ta fita ba. Muka kinkime ta ni da yaron muka juye a makwarara. Na aika kasuwar Sabon Gari aka ƙaro lemo da kuɗina, na sake haɗawa babu bitas, kuma babu wanda ya ce wani abu ya ragu, an sha an yi santi an tashi lafiya.

Da na dawo gida daren nan ban yi barci da wuri ba, na zauna na bi labarin kwalbar. Ashe tun asali ma magani ne. Wani likita Bajamushe mai suna Johann Siegert ne ya haɗa shi a 1824 a wani gari da ake kira Angostura a ƙasar Benezuwela, yana yi wa sojoji maganin ciwon ciki da shi, daga baya a 1875 iyalansa suka koma tsibirin Tirinidad, har yau can ake yin sa. Saiwoyi ne da kayan ƙamshi ake jiƙawa a cikin barasa mai ƙarfi don ita ce take tsotso ɗacin da ƙamshin ta riƙe su, kamar dai yadda muke jiƙa tsimi sai dai mu da ruwa muke yi. Su can ɗigo biyu uku suke yi a kofi, shi ya sa bakin kwalbar yake da 'yar ƙaramar kafa. Mu nan da yake kula muke cikawa sai mu cire wannan abin bakin mu tuttula.

Kuma don in yi adalci, bari in faɗi lissafin yadda yaron nan ya yi min shi a bayan takardar oda, don ba na son in tsorata kowa da abin da ba haka yake ba. Kwalbar mililita 200 ce, na zuba rabi, 100 ke nan, kashi 44.7 na wannan ya kama kusan mililita 45 na zallar barasa. In ya shiga lita 20 abin da zai fito wajen kashi 0.2 ne cikin 100. Giyar kwalba da ake sayarwa tana kaiwa wajen kashi 5. To ka ga babu wanda zai bugu da cafman ɗina ko da kofi goma ya sha, cikinsa zai cika kafin kansa ya juya. Amma da ya juya min lissafin ta wata fuskar sai jikina ya ƙara sanyi, ya ce mililita 45 ɗin nan daidai yake da a ce kin buɗe babbar kwalbar giya ɗaya da rabi kin juye a kular. Yanzu fisabilillahi wace uwar biki ce a Zariya za ta tsaya tana kallo in buɗe kwalbar giya in zuba a abin shan baƙinta, in ce mata Hajiya kada ki damu ai ba ta da yawa?

Na kai maganar wajen malaminmu na Islamiyya. Ya ce abin da ya wuce cikin rashin sani Allah mai gafara ne. Ya ce malamai sun yi magana a kan ɗan abin da ya faɗa cikin ruwa mai yawa har ya ɓace babu launinsa babu ɗanɗanonsa babu warinsa, akwai masu sauƙaƙawa, amma ki je da ƙafarki ki sayo ki zuba da hannunki bayan kin sani, wannan wata magana ce daban, ya kawo hadisin da ke cewa duk abin da mai yawansa yake sa maye to kaɗan ɗinsa ma haramun ne, ya ce ki bar abin da yake sa ki kokwanto ki kama wanda ba ya sa ki. Ni ba malama ba ce, kowa ya tambayi malaminsa, amma ni dai daga ranar kwalbar nan ba ta sake shiga kicin ɗina ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne shekara uku ina ɗanɗana abin nan da harshena kafin in rufe kula, ko sau ɗaya ban ji komai ba. Mu da muka tashi ba mu san giya ba muna da wani tunani cewa ai in an ba ka za ka gane, za ka ji wari, za ka ji ɗaci, za ka tofar. Wannan tunanin shi ne yake cutar yaranmu. Domin akwai fanni guda a harkar haɗa abin sha da aikinsa ke nan, a haɗa barasa da wasu abubuwa har harshe ya kasa gane ta, shi ne abin da ake kira kwaktel. Ita barasa zalla tana da ɗaci kuma tana da wani zafi da take yi a maƙogwaro, to sukari yana danne ɗacin, tsamin lemo ko abarba yana ɗauke hankalin harshe, sanyin ƙanƙara yana kashe kaifin ɗanɗano da wari, madara ko kwakwa kuma maiƙonsu yana lulluɓe baki. Mu masu kicin mun san wannan ai, shi ya sa ake ba yaro magani mai ɗaci da zuma, shi ya sa in zoɓo ya yi sanyi sosai sai ki ji kamar sukarin bai ji ba. Ilimi ɗaya ne, abin da aka ɓoye ne ya bambanta. Har ma na karanta cewa lokacin da Amurka ta haramta sayar da giya daga 1920 zuwa 1933, giyar da ake dafawa a ɓoye ba ta shaɗuwa don muni, sai masu sayarwa suka dinga rufe ta da ruwan 'ya'yan itace da zuma, abin ya ƙara yaɗuwa.

Kuma akwai wacce ake kira bodka, fara ce tas kamar ruwan famfo, ana tace ta ne musamman don kada ta yi wani ƙamshi ko ɗanɗano na kirki, amma ƙarfinta kashi 40 ne. In aka zuba ta a ruwan lemon zaƙi mai sanyi, wanda bai saba ba zai sha ya ce lemon nan ya ɗan yi wani iri, shi ke nan. Sunayen ma kansu ba sa nuna komai. Akwai Pina Colada, abarba ce da madarar kwakwa, kamar kunun aya mai kauri a ido, amma asalin haɗin da giyar rake ake yi wadda ake kira ram. Akwai Mojito, na'ana'a da lemon tsami da sukari da ruwan soda, kore shar gwanin sha'awa, shi ma da ram. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Long Island Iced Tea, duk wanda ya ji sunan zai ɗauka shayi ne mai ƙanƙara, alhali ko ganyen shayi ɗaya babu a ciki, giya masu ƙarfi kala biyar ake haɗawa a ɗiga kola a kai don ya yi launin shayi. Ka ɗauki yarinyar da ta taso a Tudun Wada ko Gyallesu, ta je Abuja ko Kaduna aka miƙo mata takardar abin sha a otal, ta ga kalmar shayi, me za ta zaɓa?

Ba zato nake yi ba, ya faru a gidanmu. 'Yar yayata tana aji biyu a jami'a, yarinya mai kamun kai wallahi, ƙawarta ta yi bikin zagayowar ranar haihuwa a wani wajen shaƙatawa da ba zan kama suna ba, suka tafi su biyar bayan la'asar. Aka kawo musu abin sha a dogayen kofuna, ja da ruwan ɗorawa, an soka yankan abarba a baki. Ta tambayi mai kawowa ko akwai wani abu a ciki, ya ce mata lemo ne kawai. Ba ta ci komai ba tun safe saboda lakca, ga zafi, ta shanye na farko kamar ruwa aka ƙaro na biyu. Wajen ƙarfe takwas da rabi wata daga cikin ƙawayen ta kira ni da wayarta, muryarta na rawa, ta ce Anti ki zo, ba mu san abin da ya same ta ba, tana ta dariya tana kuka kuma ta kasa tsayuwa. Na bar tukunya a wuta na tari napep. Na same ta a zaune a kan dakalin bakin get, ɗankwalinta ya zame, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannun ƙawarta, tana ganina ta ce Anti ƙasa tana juyawa, sai amai. Da na sunkuya na rungume ta a nan ne na ji warin, a numfashinta, abin da ita ba ta ji a kofin ba.

Allah ya rufa asiri ƙawayen nan ba su watse sun bar ta ba, kuma ba su bari wani ya ce zai rage mata hanya ba, don akwai wanda ya yi tayin hakan har sau biyu. Ina tuna wannan sai gabana ya faɗi har yau. Muka kai ta asibiti aka sa mata ruwa, ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu ta ce min in irin haka ta faru kada a kwantar da mutum rigingine, a kwantar da shi ta gefe don in ya yi amai kada ya shaƙe, kada a bar shi shi kaɗai a ce barci zai warware, kuma kada a ɗura masa manja ko madara ko fura alhali ba ya cikin hayyacinsa, don zai iya sarƙewa. Ta ce babu abin da yake fitar da barasa daga jini sai lokaci, hanta ce take aikin a hankali, wanka da ruwan sanyi ko shan kofi ba sa ƙara mata sauri. In numfashi ya yi ƙasa ko an tashe shi ya ƙi tashi, asibiti kawai, a ajiye maganar kunya a gefe. Ta kuma ce abin da ya sa ya kama yarinyar da wuri, cikinta babu abinci, jikinta ƙarami, ba ta taɓa sha ba, sannan zaƙin ya sa ta sha da sauri, wanda da ɗacin yana nan da kurɓa ɗaya za ta yi ta ajiye.

Washegari da ta farka ta ƙi haɗa ido da kowa, tana ta cewa Anti wallahi na tambaya, wallahi na tambaya. Na ce na sani 'yata, ba ki da laifi. Kwana uku ba ta fita ko ƙofar gida ba. Wanda ya haɗa abin nan ya miƙa mata yana can yana harkarsa, wataƙila ma ya ɗauka wasa ne ko wayewa.

Ni ba faɗa nake yi da masu shan abinsu ba. Zariya gari ne da ya tara kowa, Sabon Gari, Wusasa, Samaru, barikin soja, muna da maƙwabta da abokan sana'a da addininsu bai hana su ba, wanda ya sani ya zaɓa tsakaninsa da Ubangijinsa. Kuma cikin Kiristocin ma da yawa ba sa sha ko kaɗan, wata kwastomata 'yar coci ita ce ma ta fi kowa tsananta tambaya a kan abin da na zuba. Maganata a kan wanda aka ba shi bai sani ba ce. Ban da addini ma akwai mai juna biyu, akwai mai gyambon ciki, akwai mai ciwon hanta wanda kun san yadda ya yi yawa a cikinmu, akwai wanda yake shan magani irin Flagyl da likitoci suke hana haɗa shi da barasa, akwai direban da zai kama hanyar Kano ko Funtuwa da daddare bayan an tashi daga dina. Duk waɗannan in ka ɓoye musu abin da ke cikin kofi ka ɗauki alhakin da ba za ka iya sauke shi ba. Mun ga irin wannan dabarar a kan maganin tari mai kodin, yara suna juye shi a robar lemo suna yawo da shi a gaban iyayensu babu wanda ya gane, har sai da gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a 2018. Zaƙi da sanyi da roba mai kyau, an rufe magana.

To yanzu abin da nake gaya wa yaran gidanmu da duk amaryar da ta zo min oda. In kin je wajen da ake haɗa abin sha, kalmar kwaktel a wajensu tana nufin da barasa, moktel shi ne babu, wani lokaci kuma su sa kalmar bajin a gaban sunan, shi ma yana nufin babu. Sai dai mu nan mun cakuɗa sunayen, za ki ji mai biki ta ce a yi mata kwaktel alhali lemon kankana da abarba take nufi, wannan cakuɗawar ita ma tana rikita yara, shi ya sa na daina kiran nawa da wannan sunan. Kada ki tsaya a kan tambayar akwai wani abu a ciki, ki ce a lissafo miki abin da aka zuba ɗaya bayan ɗaya, in cafman ne ki tambayi bitas da sunansa, ki tambayi Campari don wasu suna ƙara shi saboda ja da ɗaci kuma shi ma giya ne. In da hali ki tsaya a haɗa a gabanki, in babu hali ki karɓi lemon kwalba a buɗe a gabanki. Kofin da kika tashi kika bari kika dawo, ki bar shi. Sannan kwalba ko gwangwani duk kyansa ki juya ki nemi lamba mai alamar kashi cikin ɗari, in kin ga 5% ko 6% ko 17% kusa da wasu ƙananan haruffa to adadin barasa ne. Smirnoff Ice a ido kamar lemon tsami mai gas, Baileys kamar madara da cakulan, Orijin mutane da yawa sun ɗauka maganin gargajiya ne saboda an ce da ganyaye aka yi, duk da barasa a ciki. Hatta kwalaben wayin da ake jerawa a teburin amarya, akwai na inabi zalla irin su Eva da Pure Heaven, akwai kuma masu kama da su sak da suke da kashi 12 ko fiye, kuma a shago sau da yawa kanta ɗaya ake jera su. Wanda kika aika sayayya ki ce ya karanta.

Mu ma masu sana'ar akwai namu. Masu kek ku duba filebo ɗinku, banila ta asali da ake shigowa da ita daga Amurka dokarsu ta ce sai ta kai kashi 35 na barasa, akwai kuma wadda babu, rubutun jiki ne zai gaya miki. Kunun aya da zoɓo kuma in aka sa sukari aka bar su a zafin Zariya na watan Maris da Afrilu babu wuta babu ƙanƙara, da kansu suke fara juyawa, ki ga roba ta kumbura, ki buɗe ta yi tsit, ga kumfa ga wani tsami mai yaji a hanci, to ya fara tsima ke nan, hanyar da burkutu yake bi ita ce wannan. Kada ki ƙara sukari ki rufe ki sayar, zubarwa za ki yi. Kuma ku tuna abin da ya faru a Kano a 2021 da mutane da yawa suka kwanta asibiti saboda garin lemo da ɗan tsami marasa kyau da aka haɗa musu abin sha da su. Tun lokacin na daina sayen duk wani gari da aka ƙulla a leda babu suna babu lambar NAFDAC babu ranar lalacewa, ko da rabin kuɗi ne.

Saura tambayar da kowa yake min, to in babu bitas ya cafman zai yi wannan ɗan ɗacin na manya? Na yi ta gwaji kusan wata biyu kafin na samu wanda ya kwanta min. Ina samun ɓawon lemon zaƙi guda huɗu da na lemon tsami guda biyu, in kankare har da ɗan farin cikin don a nan ɗacin yake, in zuba a ƙaramar tukunya da kanumfari kamar guda goma, citta ɗanya 'yar Kaciya mai yaji babban yanki ɗaya a daddaka, kimba ɗaya a fasa, ɗan kirfa, masoro kaɗan, ruwa kofi uku, in bar shi a wuta ƙasa-ƙasa har ya koma kamar kofi ɗaya da rabi, in tace in bar shi ya huce. Wannan yana isar kula mai lita 20, kuma a firiji ba na barin sa ya wuce kwana uku tunda babu abin da zai riƙe shi. Jan kuma na rage girenadin, ina dafa zoɓo mai kauri sosai da sukari ya zama sirof, launinsa ya fi kyau kuma ɗan tsaminsa yana tafiya da kokwamba. In ana son ɗacin ya ƙara fitowa sai in maye kashi ɗaya cikin huɗu na Sprite da bita lemon na Schweppes. Lemon gas ɗin shi ne ƙarshen shiga, a bakin kula a hankali don kada gas ɗin ya gudu, ƙanƙara kuma a kofi ake sa ta ba a kula ba, in ba haka ba kafin amarya ta iso ya zama ruwa.

Kuma yanzu kowace kula da za ta fita daga gidana sai na manna mata takarda a murfi, na rubuta duk abin da ke ciki da Hausa da biro, har kanumfari. Ranar Asabar da ta wuce a wani kamu a Hanwa na ga wata dattijuwa ta sa jikarta tana karanta mata takardar, da aka zo kan kimba ta ce a'a, ita kimba tana tayar mata da ƙwannafi, a ba ta zoɓo. Na zuba mata zoɓon a kofi na kai mata har inda take zaune.